Karsanar Goggo a Kan Jujin Gwanjo

Babanmu gwanjo yake sayarwa. Dila-dila ake kawo masa daga kudu, a ɗaure tamau da ƙarfe, kuma a tsakar gidanmu na Talata Mafara ake yanke su. Da an datse ƙarfen sai kayan su kumbura su watse, wani wari na magani da tsohon gumi ya tashi, kowa ya kama atishawa. Masu kyau a ware su don kasuwar Talata. Masu bi musu a loda su zuwa Bakura da Maradun, wani lokaci har Janbako idan hanya ta yi lafiya. Sai kashi na uku, wanda ko kyauta ka ba mutum sai ya zage ka: rigunan sanyi masu gashi da ban san a wace ƙasa ake sa su ba, safa ƙafa ɗaya, wando mai sheƙi da ya ɓarke ta gaba, rigar mama da ƙarfenta ya leƙo. Waɗannan juji ake kai su.

Jujin yana bayan ɗakin girki, kuma ya girmi Baba. Kakanmu tela ne. A zamaninsa duk ƙyallen da ya faɗo daga almakashi, da duk tsumman da ya gama aiki, kan juji yake zuwa tare da toka da shara da kashin awaki. Damina ta bi ta kai, ya ruɓe, da bazara a kwashe a kai gona. To lokacin auduga ake sawa. Baba ya gaji jujin, ya gaji yadda ake yi da shi, bai taɓa tsayawa ya duba cewa tufafin sun canza ba. Na yanzu roba ne zalla, ko shekara nawa suka yi a ƙasa haka za ka tono su. Ni ma a lokacin aurena ya mutu, na dawo gida ina ɗinki da keke, leshi da yadi da atamfa roba, kuma ƙyallayena can ake share su. A gonarmu ta hanyar Bakura garma ba ta nisa sai ta sarƙe da hannun riga. 'Yan ƙwadago su yi ta tsaki, Baba ya ce taki ne, bai dai gama nuna ba.

A wannan gida Goggo ta sauka. Yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye shi bayan uwarsu ta rasu. An aurar da ita Gidan Goga tun kafin a haife ni, ga wani manomi mai shanu, har ta iya Fillanci kamar a ruga aka haife ta. Da mutanen daji suka shiga garin, sun kashe mijinta a bakin garke, sun kore shanun kaf. Karsana ɗaya ta tsira, fara mai baƙin kunne, don ranar tana ɗingishi an ɗaure ta a cikin gida. Da ita Goggo ta iso ƙofarmu, igiya a hannu, ƙunshi a ka. A cikin ƙunshin zannuwa ne na saƙi, baƙaƙen rini, duk sun sha faci.

An yi gaisuwa mai tsawo a zaure, an yi ta'aziyya, an yi kuka. Innarmu ta jira har aka shafa fatiha, sannan ta ce, a yadda kowa zai ji, “Mutum ma ina munka sa shi, balle saniya?”

Goggo ta yi kamar ba da ita ake ba. Ta dubi ƙanenta ta ce, “Alhaji, wagga ita ɗai ta rage mani.”

Baba ya yi shiru yana jan carbi. Na san wannan shirun, shi yake yi idan yana kimanta dila kafin a yanke. Can ya ce, “Yaya, gida naki na. A kafa mata turke bisa juji, kashinta ya zam na gona.”

Babu wanda ya ga aibu a wannan magana, har da ni, har da Goggo. Haka ake yi ko'ina a ƙasarmu. Baƙo in ya zo da dabba, a kan jujin mai gida ake ɗaure ta, ita ta samu wurin kwanciya, shi ya samu taki. Goggo da hannunta ta kafa turken, ta ture wani tulin rigunan sanyi gefe da ƙafa don karsanar ta samu wurin miƙewa.

Zaman Goggo a gidanmu ba daɗi, kuma ba zan rufa wa uwata asiri ba. Inna takan raba tuwo ta bar nata a ƙarshe, ƙanzo da ɗan abin da ya maƙale a muciya. Sabulu sai ta roƙa. In ta daɗe a banɗaki a yi magana, in ta yi tari a yi magana. Tsohuwar da take da garke, take kyauta da man shanu kwalba-kwalba, ita ce ta koma jiran a ce mata ga naki. Abu ɗaya ya riƙe ta, kuma ba ta ɓoye shi ba. Karsanar za ta haihu, nono zai zo, za ta dama fura ta kai bakin kasuwa, ta kama ɗan ɗaki ko na kara ne, ta ɗora tukunyarta. Ta sha faɗa mini tana tsefe mini kai, “Ɗiyata, ba ni mutuwa ina jiran matar ƙanena ta ɗebo mani tuwo.”

Da ƙafar karsanar ta warke, Goggo ta ja ta zuwa wajen wasu makiyaya daga garin Damaga da su ma gudu ya kawo su, suka yada zango kusa da kanal ɗin ban-ruwa, aka yi wa karsanar barbara. Ta dawo tana murmushi, abin da ban taɓa gani a fuskarta ba tun zuwanta.

Sai rani ya shiga. Daji ba ya shiguwa don tsoro, harawa ta yi tsada, Baba kuwa ko dami ɗaya bai taɓa saya ba. Goggo ta dinga bin gidajen maƙwabta tana yi musu surfe don a bar mata dusa. Ba ta isa. Karsanar ta wuni a ɗaure a kan tulin tufafi masu gishirin gumin mutane, da ruwan wanke-wanke da ake watsawa a kai. Ran nan na fito zubar da shara na tarar da ita da safa a baki, tana taunawa a hankali, ido a lumshe. Na yi ihu na kira Goggo. Ta zo ta duba ta yi dariya.

“Kwaɗayin masu ciki na,” in ji ta. “Kanwa taka so. Can gida uwatta ta cinye taguwar marigayi ɗungum, mi ya same ta?”

Ta jiƙa kanwa ta ba ta. Ni ma na koma kan kekena da kwanciyar hankali, don wa zai koya wa Goggo saniya? Taguwar marigayi dai ta saƙi ce, amma wannan bai zo mini a rai ba a lokacin.

Ciki ya fara fitowa. Maƙwabta suka dinga shigowa yi wa Goggo barka tun kafin lokaci. Ita kuwa ta zauna kusa da karsanar da hantsi, tana shafa mata gefe, tana yi wa abin da ke ciki magana da Fillanci. Cikin ya yi ta girma, sauran jikin ya yi ta bushewa. Ƙasusuwan ƙugu suka fito har ka rataya guga, tozo ya kwanta, gashi ya tashi. Ta daina tuƙa. Kashinta ya koma 'yan ƙwallaye masu tauri, kaɗan-kaɗan. Wallahi da kunnena na ji Baba yana mita a kan haka, wai an cika masa gida da saniya, ko takin kirki ba ta bayarwa.

A cikin haka aka sa ranar bikin ƙanwata, autarmu. Baba ya kira wani mahauci da suka saba, don su yi maganar bijimin da za a yanka. Ina bayan zana ina shanya wani leshi da na wanke, ba su san ina nan ba. Suka gaisa, lafiya lau, ya gida, ya iyali, ya kasuwa, ya jama'a, ya ƙoƙari, har na gaji da ji. Sai idon mahaucin ya faɗa kan karsanar. Ya je ya zagaya ta, ya dunƙule hannu ya danna gefen cikin. Ta tsakanin zana na gani, wurin ya lotsa ya tsaya a lotse, kamar an danna curin tuwo.

“Alhaji,” ya ce da ƙaramar murya, “wagga babu ɗa ciki. Tsumma na.”

“Ka tabbata?”

“Kullum muna hidda shi a mahauta. Da leda ce munka fi gani, yanzu ga tufa. Ta cika, ba wurin abinci.”

Na jira in ji Baba ya yi salati. Abin da ya ce shi ne, “Tana kai biki?”

Mahaucin ya ce da wuya dai, amma in Allah ya so tana kaiwa.

“To riƙe bakinka. Batun bijimin nan ma a bar shi tukuna.”

Kai! Ban san lokacin da na ture zanar na fito ba. Na ce Baba ka ji tsoron Allah, wannan matar ita ta goye ka. Na ce jujinka ne ya cinye mata karsana, yanzu kuma kana jiran gawar ka ciyar da baƙi. Mahaucin ya sunkuyar da kai ya sulale. Baba bai ko ɗaga murya ba. Ya ce bazawarar da miji ya koro, take ci a gidan ubanta, ba ita za ta koya masa zumunci ba, kuma in na ga gidan ya yi mini ƙunci ƙofa a buɗe take.

Na wuce kai tsaye wajen Goggo, tana tankaɗe dusa. Na faɗa mata duk abin da na ji, ban rage ko kalma ba. Ta ajiye rariya ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

“Ke,” ta ce, “shekara nawa kinka yi ɗakin miji? Ko ɓari kin taɓa yi? Mi kinka sani ga ciki?”

Abin da ya kashe aurena ke nan, kuma ta sani sarai, don a cinyarta na yi kukansa.  Ta ce mahauta duk haka suke, su kushe dabba don su saye ta a banza. Ta ce ƙanenta ba zai yi mata haka ba. Ta ce in ɗauke mata baƙin bakina daga kan dabbarta. Da na nemo malamin dabbobi washegari, ya duba ya ce sai dai a gwada tsaga cikin a kwashe, ko da yake ta yi rauni ƙwarai, Goggo ta ɗauko taɓarya. Ta ce wanda duk ya kusanci mai ciki da wuƙa sai dai ya fara da ita.

Haushi ya rufe mini ido. Da azahar na kwance karsanar na ɗaure ta a gindin darbejiya, na kwarara kananzir a kan jujin na ƙyasta ashana. Na zaci zai ci kamar kara ya zama toka. Ina! Wani baƙin hayaƙi ya turnuƙe unguwa, mai kauri, mai kama maƙogwaro. Tufafin ba su ci wuta ba, narkewa suka yi, suna ɗiga suna tsartuwa. Tsohuwar maƙwabciyarmu mai ciwon ƙirji sai da aka fitar da ita a kan tabarma zuwa wani gida. Mata suka dinga leƙowa ta katanga suna tsine mini. Da wutar ta mutu, abin da ya rage wasu baƙaƙen duwatsu ne kamar kwalta, fartanya ba ta fasa su. Baba ya dawo kasuwa ya zabga mini mari a gaban kowa, ya ce na ƙone masa takin shekara. Kafin sati ya zagayo an yanke sabuwar dila, an zuba ruɓaɓɓunta a wurin, Goggo ta mayar da turke inda yake don a can ne Alhaji ya ce.

Tun daga ranar dai ƙyallena bai ƙara taɓa ƙasa ba. A buhu nake tarawa, in cusa matashi da katifar jarirai, manya in haɗa su in yi shimfiɗa. Mace in ta kawo mini sabon yadi nakan tambaye ta ina na bara, ta kawo in rage shi in sake masa wuya. Wasu sun daina zuwa, sun ce na cika iyayi. Su je. Amma wannan duk nawa ne, ɗan buhu ɗaya a gefen keke, dila kuwa ba ta fasa shigowa ba.

Lokacin haihuwa ya zo ya wuce. Hantsa ba ta sauko ba. Goggo ta ce ɗan fari yakan yi nawa. Inna da ƙawayenta suka samu abin wasa, in sun wuce su ce, “Goggo, yaushe za mu sha kindirmo?” su tuntsure da dariya. Gida kuwa ya cika da shirin biki. An fitar da anko, wata atamfa roba mai ruwan goro da kore, dangi kowa ya saya, ni nake ɗinkawa har bayana ya ƙage. Goggo kaɗai ba a ba ta ba, ba a kuma tambaye ta ba.

Ana gobe ɗaurin aure, da hantsi, karsanar ta kwanta ta kasa tashi. Ta miƙe wuya tana nishi. Goggo ta fito da gudu, fuskarta kamar an yi mata albishir da Makka. “Naƙuda ta!” take cewa. “Ku ba ta wuri, naƙuda ta!” Ta wanke hannu ta shafa mai, ta durƙusa a bayanta tana lallashi. Ban ga an aiki kowa ba, amma ba a daɗe ba sai ga mahaucin nan da abokin aikinsa, da wuƙaƙe a cikin buhu.

Baba ya tsaya a kanta ya ce, “Yaya, kada ta yi mushe. Haihuwar ta gagara. A yanka.”

Goggo ta dubi idon karsanar, ya fara juyewa. Ita ma ta san wannan. Sai ta kama ƙafar mahaucin. Ta ce to ya yanka, amma don girman Allah ya yi sauri ya buɗe, ana samun ɗan da rai in an yi hanzari, ta taɓa gani. Ta kwance zanen da ta yafa ta shimfiɗa shi a hannuwanta biyu, ta tsaya tana jiran a ɗora mata maraƙi. Mahaucin ya kasa kallonta. Baba kuwa yana can yana cewa a kawo manyan robobi.

Aka yanka, aka feɗe. Mahaifa ga ta nan a tsuke, babu komai. Tumbin kuwa sai da su biyu suka ɗaga shi, suka kife a kan tabarma. Da aka tsaga, wani dunƙule ya mirgino, ya fi turmi girma, a murɗe a cure, yana tururi. Hannun riga, zik, maɓallai, roba ta ƙugun wando, leshi, igiyar hijabi. Matan biki suka taso suka kewaye, suna toshe hanci da mayafi. Wata ta sa kara ta zaƙulo wani ƙyalle ta ce, “La! Wannan ai ankon sunan gidan liman ne!” Aka fashe da dariya. Wata ta janyo wani shuɗi mai fure, ta watsa masa ruwa, ta ɗaga shi a rana. Ta ce ku duba don Allah, ko kala bai saki ba, lallai yadin nan yana da kyau, a ina ake samunsa?

Goggo tana tsaye, hannuwanta a miƙe da zanen. Ba wanda ya ce mata ta sauke. Ni na je na karɓe shi na yafa mata, ba ta ko san na yi ba.

Inna ce ta katse abin. Ta ce aiki ya yi yawa, a daina tsayuwa. Ta turo robar da aka zuba tumbin da ƙafa zuwa gaban Goggo, ta ce duk gidan nan ba wanda ya iya wanke kayan ciki kamarta. Goggo ta durƙusa ta wanke. Na zo zan karɓa ta buge mini hannu. Naman bai da yawa, ba kitse ko na magani, amma ya kai. An yi miya, an yi farfesu, baƙi daga Bakura da Maradun suka ci suka yaba, suka ce Alhaji ya yi ƙoƙari, saniya guda a wannan marra. Ni ban ci ba, kuma duk wanda ya miƙo mini sai na faɗa masa dalili, har Inna ta ce a rabu da ni, aljanuna ne suka tashi.

Ranar ɗaurin aure da la'asar, tsakar gida cike da dangin ango, Baba ya shigo da leda a hannu. Ya sa aka kira Goggo daga bakin murhu. Ta zo tana goge hannu a zanenta. Ya yi gyaran murya, ya ce kowa ya shaida, yayarsa ta yi rashi, kuma shi ba ya barin nasa cikin kunya. Ya ce muddin yana da rai, ci da sha da sutura ba za su gagare ta a gidan nan ba, ta cire tunanin zuwa ko'ina. Ya buɗe ledar ya ciro turmin ankon, sabo fil, yana ƙyalli, ya ɗora mata a hannu. Mata suka rangaɗa guɗa. Dangin ango suka ce ma sha Allah, zumunci ke nan.

Goggo ta tsaya riƙe da shi tana kallonsa. Mutane suka fara duban juna.

Inna ta ce, “A'a, Goggo. Ba a godiya?”

Sai na ga Goggo ta duƙa. Ta dafa ƙasa da hannu ɗaya don kada ta faɗi, ta durƙusa a gaban ƙanenta, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwali.

“Na gode, Alhaji,” ta ce. “Allah shi ƙara arziki.”

Baba ya ce amin, ya juya wajen baƙinsa.